Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jami'an Duba-Gari Na Jihar Kano



Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin da ganin duba-gari a bakin layi kan sa a rufe tukunya, a wanke randa. Yau ina roƙonku ku koma gidajen abinci, ku ƙara da wani aiki da ba a saba da shi ba.

Ɗiyata jininta bai jitu da gyaɗa ba. Ran nan na saya mata tsire, na tambayi mai naman ko akwai gyaɗa, ya ce babu. Bai yi ƙarya da gangan ba, shi dai bai ɗauki ƙuli-ƙulin yajinsa a matsayin gyaɗa ba. Kafin mu isa gida leɓunanta sun kumbura, numfashi yana sarƙewa. Asibiti muka kwana.

Mutanenmu kan ce borin jini ne, zai wuce. Wani ba ya wucewa, kisa yake yi. A Ingila, bayan riɗi a cikin burodi ya kashe wata yarinya a 2016, doka ta tilasta tun 2021 a rubuta duk abin da ke cikin abincin da aka ƙunshe a shago.

NAFDAC tana kula da kayan masana'anta, amma mai tuwo da mai shayi a hannunku suke. Idan kun je duba ruwa da wurin wanke-wanke, ku koya musu su san abincin da jinin wasu ba ya jituwa da shi, irin su gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara da kifi, su faɗa wa mai tambaya, kuma su ware wuƙa da faranti.

Naku,
Wani uba daga Kano