Zuwa Ga Magina Da Masu Sa Tayil Na Kiru Da Maƙwabtanta

Ya ku iyayena da 'yan'uwana magina na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa.

Gini ya sauya a yankinmu. Daga Kwanar Dangora zuwa Tiga har Riruwai, wanda ya samu kuɗin masara ko shinkafa yanzu banɗaki mai tayil yake so a cikin ɗaki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora tayil a kan bangon da bai miƙe ba, a cika bayansa da dunƙulen siminti, nan kauri can siriri, ana fata ido ba zai gani ba. Mai gida ba zai gani ranar biyan kuɗi ba. Amma bayan damina ɗaya, in ya ƙwanƙwasa da yatsa zai ji wurin yana amsawa kamar ganga. Ramin da aka bari a baya ya zama matattarar ruwa da gidan kyankyasai, danshi ya ratsa bulo ya ɓullo ta ɗakin kwana, fenti ya kumbura. Mu kuma nan kudu mun fi arewacin jiharmu samun ruwan sama, bangonmu ba ya saurin shan iska.

Don haka a fara da awo. A saki filam daga sama zuwa ƙasa a kowace kusurwa, a kara dogon renji a tsaye da kwance, a ga inda bango ya yi ciki da inda ya turo. Inda bulo ya turo sosai a sassaƙe shi, ya fi arha da a kauraro bango gaba ɗaya saboda shi. Sannan a manna ƙananan alamomin kwaɓi, a daidaita su da filam, a ja igiya tsakaninsu. Su ne jagora: filasta ta cika tsakani, renji ya bi ta kansu ya share rarar.

Kafin nan mai aikin famfo ya gama nasa, a saki ruwa a bututu a tabbatar babu yoyo. Fasa bangon da aka riga aka shafe asara ce biyu.

Maganar kwaɓi ita ce wadda nake so mu tsaya a kai. Buhun siminti mai kilo 50, na Dangote ne ko na BUA, kwanon sarki biyu ne. A banɗaki a ba shi kwano takwas na yashi, wato ɗaya bisa huɗu. Na san ana kai shi sha biyu har sha huɗu don buhu ya yi auki, sai a wayi gari filasta tana zubowa in an goga hannu. Yashin ma a duba shi. A zuba kaɗan a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka ta kwanta da kauri a saman yashin, wannan ba na shafe ba ne, zai tsage. Yashi mai kyau a tankaɗe shi, a share ƙurar bango, a jiƙa shi, don busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi tun siminti bai kama ba. Kada shafe ɗaya ya wuce milimita 15. In ramin ya fi haka, a yi sau biyu: a karce na farko tun yana ɗanye, a bar shi ya kwana ya kama, sannan a ɗora na biyu. Kuma a gama da katako, kada a goge shi sumul da ƙarfe, tayil yana buƙatar abin da zai riƙe.

Sai ban ruwa, safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shafe cikin yini guda. Tayil ya jira bango ya bushe. Manyan tayil na zamani masu tsawon santimita 60 ba sa yafe karkata ko kaɗan.

Ga masu aiki a gidajen ƙasa kuwa, siminti ba ya kama tubali yadda yake kama bulo, tayil kuma yana da nauyi. Ko a kafa ragar waya kafin shafe, ko, wanda ya fi, a tayar da siririn bangon bulo ta ciki.

Na san matsin da kuke ciki. Siminti ya yi tsada, biki ya matso, Alhaji yana cewa a gama kafin Juma'a. Ku kira shi gaban bangon, ku kara renji, ya ga ratar da idonsa, ku faɗa masa buhu nawa da kwana nawa gyaran zai ci. Mafi yawan masu gida in sun gani suna yarda. Manyanmu kuma, don Allah kada ku miƙa wa yaro tayil sai ya iya miƙar da bango. Allah Ya sa albarka a sana'arku.