Tseren jirage a tafkunan Adar ba wasan banza ba ne

Duk wanda ya san ƙasar Adar da Majiya zai iya yin dariya idan aka ce masa a shirya tseren jiragen ruwa a can, domin ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, inda mata kan yi doguwar tafiya neman ruwan sha da rani. To amma wanda ya zaga gundumomin Keita da Buza da Madawa bayan ɗaukewar damina ya san akwai ruwa kwance a tafkuna da madatsu, wasu ma sukan kai tsakiyar rani ba su ƙafe ba. Ga kuma tafkin Tabalak a maƙwabta, kan hanyar Tawa zuwa Agadas, wanda tun shekarar 2005 yake cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Abin da muke son jawo hankalin jama'a a kai shi ne, kowa na cin moriyar wannan ruwa, amma a wurare da dama babu wata inuwa guda da ta haɗa masu cin moriyar tasa.

Mai lambun albasa ya kafa injinsa a baki, makiyayi ya kawo garkensa, masunci ya jefa komarsa, mata na wanki, yara na wanka. Ranar da yashi da laka suka cike tafki, sai kowa ya ce aikin gwamnati ne. Ranar da ruwa ya ci yaro, sai a yi ta'aziyya a watse. Idan ba a manta ba, a ƙarshen watan Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Mun yarda kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma Hausawa ne suka ce rigakafi ya fi magani.

A nan ne maganar tsere ta shigo. A ƙasashen da ake tseren ƙananan jirage masu tafiya da iska, ba tseren kaɗai ba ne abin dubawa, har da ƙungiyar da ke bakin tafkin. 'Yan ƙungiya ne ke gyaran jirage da share gaɓa, dattawa su yi alƙalanci, wasu su zauna cikin jirgin ceto, iyaye su kawo abinci. Galibi ba a barin yaro ya hau jirgi sai ya nuna ya iya iyo, ya kuma sa rigar da ke hana nutsewa, sannan a koya masa yadda zai tayar da jirginsa idan ya kife. Kada kuma a ɗauka sai mai kuɗi. Jirgin yara da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira Optimist, wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ne ya ƙirƙiro shi a 1947 a jihar Fulorida ta Amurka, da niyyar a samu abin da uba da ɗansa za su iya haɗawa da katako mai araha. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, sanda ɗaya gare shi da ƙyalle ɗaya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 16 ne ke tsere da shi a ƙasashe fiye da 100.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan tsohuwar gaba. Ban da su a kogin Matan Fada, akwai tseren kwale-kwale da iyo da nutso da kamun agwagwa, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. Darasin da ke ciki shi ne, saboda bikin ne ake da dokar hana su a wannan yanki na kogin kafin lokaci, kuma ake da Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Mu ma a nan gida mun ga abin da wasa ke iya yi, domin a birnin Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ga shi ta zama dandalin da ke haɗa jihohin Nijar baki ɗaya.

Mun san za a ce ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa ke ta tseren jirgi? Magana ce mai nauyi, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin hatsi ko na magani a sayi jirage ba. Sai dai mu tuna cewa matasan yankin nan da yawa da zarar an gama girbi sai su kama hanyar cin rani, waɗanda suka rage kuma zaman kashe wando ke jiransu. Watannin nan na hunturu su ne daidai lokacin da tafkuna ke da ruwa, iska kuma na kaɗawa kusan kullum daga gabas maso arewa. Haka kuma rigimar manoma da makiyaya kan mashaya takan yi sauƙi idan mutanen sun saba zama kan tabarma ɗaya tun kafin ɓarna ta auku. Za a kuma ce ruwan kwance na kawo tsargiya. Gaskiya ne, amma yaran suna shiga ruwan ko da ƙungiya ko babu, gara a samu wurin da ma'aikatan lafiya za su same su a tare, su faɗakar da su, su ba su magani.

Mutanen wannan yanki ba baƙin aikin gayya ba ne. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, hannun talakawa ne ya yi shi, kuma mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da dasa miliyoyin itatuwa. Tun kafin nan, daga 1975, manoman kwarin Majiya a gundumar Buza sun dasa layukan dogon yaro don tare iska, tare da ƙungiyar CARE. Yawancin madatsun da muke magana a kansu gadon irin wannan wahala ne, bai kamata mu zura ido laka ta binne su ba.

Don haka muna kira ga hukumomin gundumomi da sarakunan gargajiya da su zaɓi tafki ɗaya mai daɗewa da ruwa a fara gwaji. A kafa ƙungiya da ta ƙunshi masunta da masu lambu da makiyaya da mata da malaman makaranta. A fara da kwale-kwalen da masunta ke da su, a ba su jagorancin koyar da iyo, domin su suka san ruwan. A sa doka cewa ba mai shiga tsere sai da rigar kariya, a kuma ƙayyade yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, ranar biki da sauran ranaku. 'Yan mata su samu nasu lokaci da mata masu koya musu, tunda su ne suka fi zuwa bakin ruwa wanki da ɗiba. Sharaɗin shiga gasa ga kowane ƙauye ya zama aikin gayya na jera duwatsu a kwazazzaban da ke kwararo yashi cikin tafkin. Idan abin ya kankama, kafintocin Madawa da Keita ba za su kasa haɗa ƙaramin jirgi mai sanda da ƙyalle ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, Ya kuma tsare mana 'ya'yanmu a ruwa da tudu, amin.