A Kyautata Makwancin Direbobin Manyan Motoci

Duk wanda ya taɓa ratsa Tafa, ko Mararrabar Jos, ko Lakwaja bayan lisha, ya san yadda tireloli da tankoki kan yi jerin gwano a gefen titi har ido ya gaji da ƙirga. Yawancin matafiya ba su ganin komai a wannan jeri sai cunkoso da tare hanya. Alhali kuwa kowace mota daga cikinsu ɗakin kwana ce ga mutum biyu ko uku, watau direba da yaransa, waɗanda suka baro iyali a Kano ko Potiskum ko Gusau domin kai shanu da hatsi Kudu, su kuma komo da mai da siminti da sauran kayan masarufi.

Waɗannan bayin Allah suna bukatar abin da kowane mai barci yake bukata. Suna son ɗumi da hunturu, da iska da bazara, da ɗan haske, da wutar cajin waya, da ruwan zafi na shayi da asuba. Tambayar ita ce, daga ina wannan ɗumi da wannan wuta za su fito, kuma wa zai biya? Amsar da ta dace ita ce, kayan da za su sa direba ya kwana lafiya nauyi ne a kan mai mota, daidai da taya da birki. Barin direba ya yi ta 'yan dabaru shi kaɗai hasarar dukiya ce, wani lokaci ma hasarar rai.

Kada a raina sanyin ƙasar nan. A Jos, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauka zuwa digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, wani zubin har ƙasa da haka. Direbobin da ke bin hanyar Agadas a Jamhuriyar Nijar sun san na hamada ya fi wannan cizo. Kan mota kuwa ƙarfe ne da gilashi, ba ya riƙe ɗumi. Da Afrilu kuma abin ya juya, zafin Sakkwato da Maiduguri ya haura digiri 40, ƙarfen nan ya wuni yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita. In direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, sauro da ɓarayi na jiransa. In ya shiga ciki ya rufe gilashi, ya shiga tanda.

Dabara ta farko da aka saba da ita ita ce barin inji yana aiki alhali mota na tsaye, domin a samu ɗumi ko sanyi kuma batir ya ci gaba da caji. Amurka ta fi kowa sanin tsadar wannan al'ada, domin can ma direbobin dogon zango a cikin mota suke kwana, kuma doka ta tilasta musu hutun awa 10 a jere bayan tuƙin da bai wuce awa 11 ba. Ma'aikatar Makamashi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa babbar mota tana shan kimanin lita 3 ta man gas a kowace awa in tana tsaye inji na aiki, kuma motar dogon zango kan yi wajen awa 1,800 a shekara a wannan hali, watau fiye da lita 5,000 ke nan ba tare da taya ta juya ko sau ɗaya ba.

To, a kawo lissafin gida. Daren awa 10 ya ci lita 30. A shekarar 2024 farashin litar man gas a Nijeriya ya zarce naira 1,000, ashe dare guda ya lashe fiye da naira 30,000. Injin da aka ƙera domin jan kaya tan 30 an mayar da shi murhun ɗumama ɗakin da bai kai rumfar mai shayi ba. Bugu da ƙari inji yana tsufa, baƙin mai yana saurin lalacewa, in kuma salansa ta tsage hayaƙi ya sami hanyar shiga inda mutane ke kwance. Saboda irin wannan ɓarna da gurɓata iska ne Jihar Kalifoniya ta hana barin injin babbar mota yana aiki a tsaye fiye da minti 5, kuma tun daga 2008 hanin ya haɗa da motoci masu gadon kwana, sai dai waɗanda injinsu ya cika wasu sharuɗɗa na tsabtar hayaƙi.

Dabara ta biyu ta fi ta farko muni, ita ce shigar da kaskon garwashi, ko risho, ko ɗan murhun gas cikin kan mota, a kuma rufe gilashi don kada ɗumi ya fita. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 ko fiye. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da gajiyayyen direba zai ɗauka gajiyar hanya ce. Mai barci kuwa ba ya ma jin su. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne, a nan kuwa ƙanin ne yake miƙa mutum ga wansa. Gubar nan ce dai take hallaka iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida, don haka ɗan janareta a gindin tagar mota shi ma ba mafita ba ne. Ga direban tankar fetur kuwa, ko ƙyastin ashana ya isa bala'i, balle garwashi.

Akwai masu cewa a sayo hita mai aiki da lantarki a jona ta da batirin mota. Lissafi bai goyi bayansu ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wutar da za ta riƙe kaya mai cin wat 1,200 na awa ɗaya kacal. Batir irin na darma kuma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Abin da ya rage ke nan wat 600 na awa ɗaya. Hita mai cin wat 1,000 za ta cinye wannan cikin wajen rabin awa, gari ya waye babu ɗumi, mota kuma ta ƙi tashi.

Amma a dubi abin da wannan batir zai iya da ƙananan kaya. Fanka mai wat 20 in ta kwana tana juyawa awa 10 ta ci 200 daga cikin 600 ɗin nan. Ƙwan fitila na zamani mai wat 5 ya ci 20 cikin awa 4. Cajin waya biyu bai wuce 30 ba. Tafasa litar ruwa guda a butar lantarki yana cin kimanin 100. Duka-duka 350 ke nan, da sauran rara. Darasin a fili yake: batir na haske ne da iska da ƙananan kaya, ɗumi kuwa daga mai ya kamata ya fito, amma ta hanyar da hayaƙi ba zai haɗu da numfashi ba.

Wannan hanya kuwa akwai ta tun da daɗewa. Kamfanonin Jamus irin su Webasto da Eberspächer suna ƙera wani ɗan murhu da bai fi akwatin takalmi girma sosai ba, wanda ake kafawa a ƙarƙashin gado ko kujera. Yana jan man gas kaɗan-kaɗan, yana ƙona shi a cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe. Iskar da wutar ke ci daga waje take zuwa, hayaƙin kuma ta bututu yake fita waje, sai wata fanka ta riƙa hura iskar cikin mota ta bayan ƙarfen mai zafi. Ƙaramin samfurinsa ba ya shan fiye da rubu'in lita a awa ko da an ƙure shi, watau lita 2 da rabi a daren da babban inji zai sha 30, kuma wutar da yake ci bayan ya kama ba ta wuce wat 30 ba. Da yawa daga motocin DAF da MAN da Marsandi da ake shigowa da su na hannu daga Turai da wannan murhu a jikinsu suke zuwa. Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya sa bakanike ya duba ko yana aiki, ya kuma koya wa direba amfani da shi.

Sai dai kowane gyara da ƙa'idarsa. Tilas bututun hayaƙin ya fita waje sosai ba tare da yoyo ba, a kuma rataya ɗan ƙararrawar nan mai aiki da batirin rediyo wadda ke kuka in ta ji gubar kabon monoksaid. Ga tankokin mai, ƙa'idar Turai ta ɗaukar kaya masu haɗari ta hana kunna irin wannan murhu lokacin lodi da lokacin sauke kaya, kuma babu dalilin da zai sa a sassauta a nan.

Haka batun lantarki. Ya kamata a keɓe batir na musamman domin kayan kwana, da na'urar da za ta raba shi da batiran tayar da inji da zarar an kashe mota, inji ya caje shi da rana, a ƙara masa da faifan sola a rufin kan mota, tun da rana ba ta yi wa ƙasar nan rowa ba. Yawancin manyan motocin Turai da na Sin bolt 24 suke amfani da shi, watau batir biyu a haɗe. Al'adar jan waya daga ɗaya daga cikinsu don samun bolt 12 tana kashe batiran biyu kafin lokacinsu, alhali akwai 'yar na'ura mai rage ƙarfin wuta domin wannan aiki. Inbata, wadda ke mayar da wutar batir irin ta gida, in za ta ɗauki wat 1,000 tana jan fiye da amfiya 80 a kan bolt 12. Ramin kunna taba na gaban mota bai fi ƙarfin amfiya 10 zuwa 15 ba. Saboda haka sai da waya mai kauri, gajera, da fis kusa da batir. Siririyar waya da aka naɗe da leda gobara ce ke jiran lokaci.

Mai mota zai ce kuɗi, kuma gaskiya ne kayan nan ba kyauta ake ba da su ba. Amma wanda ke hasarar lita 27 a kowane daren sanyi ya riga ya fara biyan kuɗinsu, sai dai iska yake biya. Wani kuma zai ce direbobin dā ba su san wannan gata ba, kuma sun yi aikinsu. To, a tuna cewa direban da bai runtsa ba shi ne zai riƙe sitiyari da safe. Wani bincike da aka buga a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu hankalinsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya har ta kai mizanin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Ashe barcin direban tirela ba nasa ba ne shi kaɗai, har da na fasinjan bas ɗin da zai yi kiciɓis da shi a kwana.

Hukuma ma tana da nata rabon. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa direba hutun awa 11 a kullum, kuma a 2017 babbar kotun Tarayyar ta yanke cewa cikakken hutun mako na awa 45 ba a yin sa cikin mota. Nijeriya ba ta kai nan ba, amma tana iya farawa da wuraren tsayawa masu tsaro, da ruwa, da makewayi, da soket ɗin lantarki a gefen kowace mota, direba ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba sai an yi abin ƙawa ba. A Amurka kamfanin IdleAire ya kafa manyan na'urori masu hura ɗumi da sanyi ta tagar mota, ya faɗa fatara a 2008, ya rufe a farkon 2010 kafin wasu su farfaɗo da shi. Abu mai sauƙi da za a iya kula da shi ya fi na alfarma da zai mutu cikin shekara biyu.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana duba taya da fitila da abin kashe gobara. Ya dace ta riƙa leƙa makwancin direba, ta hana kaskon wuta, ta kuma binciki yadda aka ja waya. Ƙungiyar masu motoci ta NARTO, da ta ma'aikatan sufuri ta NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG, su ne suka fi kowa kusa da waɗannan mutane. Suna iya sayen kayan a dunƙule domin farashi ya sauko, su kuma shirya wa masu gyaran wayar mota horo kan kafa su. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun da damina ya kamata a fara shirin hunturu.

Motar da aka kashe miliyoyin naira aka saya ba ta fi wanda ke tuƙa ta daraja ba. Mai motar da ya tanadi ɗan murhu, da batir na dabam, da fanka, da ƙararrawar guba, ya tsare mansa, ya tsare injinsa, ya kuma fita haƙƙin mutumin da ya danƙa wa dukiyarsa. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.