Ɗakin baƙi a Azbin: wa ke riƙe da makulli?

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin Matameye da aka ba shawara ya zuba jarinsa a ɗakunan haya na kwana biyu ko uku a Timiya ko Iferwan, cikin duwatsun Azbin, domin Turawa masu yawon buɗe ido, ya kamata kafin ya sayi buhun siminti ya tambayi kansa: ta wace hanya baƙin za su zo?

A takarda lissafin yana da daɗi. Baƙo yakan biya cikin ƴan kwanaki abin da ɗan gari ke biya a wata, ga Timiya da lambunan lemunta da ruwan da ke kwararowa daga dutse. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sanya Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya.

Amma shekara ɗaya kacal bayan haka aka mayar da yankin jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawaye. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 kasuwa ta farfaɗo, jiragen kamfanin Point-Afrique suka riƙa sauke baƙi daga Faransa kai tsaye a Agadas. A Fabrairun 2007 ƴan tawayen MNJ suka kai hari barikin soja na Iferwan, jiragen suka ɗauke ƙafa. Sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, a Satumban 2010, ya ƙarasa abin da ya rage. Direbobi da ƴan jagora da yawa suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, domin mota tana iya sauya hanya. Ɗaki kuwa yana nan inda aka gina shi.

Ko a shekarun albarka, watannin sanyi kaɗai baƙi ke zuwa. Ga nisa: fiye da kilomita 400 daga Damagaram zuwa Agadas, sannan fiye da 200 zuwa Timiya, akasari ba kwalta. Mai gida yana Matameye, littafin kuɗi yana hannun mai gadi.

Matameye ba ta da tsaunin da Bature zai ɗauka hoto, amma tana kan hanyar Damagaram zuwa Kano ta Ɗan Barto, kuma fatake da direbobi na bukatar wurin kwana rani da damina. Nan ma akwai kasada: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sai dai idan fatake suka yi ƙasa, ana iya ba malamin makaranta ko ma'aikacin duwan ɗakin, ya riƙa biya wata-wata. A Timiya masu albashin da za su cika ɗakunan da Turawa suka bari ba su da yawa.