Waya ta kawo gida kusa, ta nisanta maƙwabci

A Borokiri ta Fatakwal, teburin mai shayi yana cika bayan isha'i kamar yadda aka saba, sai dai hira ta yi ƙasa. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa: wani na sauraron saƙon murya daga Bunkure, wani na kallon ɗaurin auren ƙanwarsa a Illela. Haka abin yake a bakin gadar Anacha da kasuwar New Artisan ta Inugu. Jiki na Kudu, hankali na Arewa.

Ba ma cikin masu cewa jiya ta fi yau. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ɗan ci-rani sai ya jira direban da ya kawo albasa ko shanu kafin ya aika kuɗin cefane, ko wasiƙa, ko kaset ɗin da ya naɗi muryarsa. Mutum kan rasa mahaifiya bai ji ba sai bayan an share makoki. Yau yana ganin 'ya'yansa kullum, ya tura kuɗin magani ta OPay kafin a fito daga asibiti. Matar da mijinta ke wata goma a bakin teku ita ta fi kowa sanin darajar wannan.

Damuwar wannan jarida ita ce abin da ake saki a ƙasa. Zaman Hausawa a Kudu bai ginu da ka ba. Baƙo kan sauka wurin mai masauki, a kai shi gaban Sarkin Hausawa, a san garinsu da sana'arsa. Mai masaukin nan shi ke tsaya masa a kan bashi, shi ke zuwa ofishin 'yan sanda idan ta ɓaci, shi ke nuna masa dattawan 'yan ƙasa da ya kamata ya gaisar. Irin wannan cuɗanya ce ta kai Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi Inugu, ga zama magajin garin na farko a shekarun 1950, da goyon bayan 'yan ƙabilar Ibo.

Yaron yanzu lambar aboki kawai yake riƙe da ita idan ya hau mota. Ya sauka, ya kama tura baro ko jari-bola, ya shekara biyu bai san sunan limamin unguwa ba, balle ya iya gaida mai gidan hayarsa da yarensa. Me zai kai shi? Abokan hirarsa na cikin aljihu. Hatta ta'aziyyar wanda ke bayan layi an fara yin ta da saƙon murya, alhali iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take.

Ranar tashin hankali ake gane girman wannan giɓi. A watan Fabrairun 2006 sai da aka yi 'yan kwanaki tsakanin rikicin Maiduguri da ramuwar da ta biyo baya a Anacha. Yanzu bidiyo na rigan jami'an tsaro isa ko'ina. Da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah, hotunan waya ne suka hana a binne maganar, har gwamna Monday Okpebholo ya taka zuwa Kano ta'aziyya. Wannan alheri ne. Amma ta wannan ƙofar dai tsofaffin hotuna da kiran ramuwar gayya suke shigowa, kamar yadda binciken BBC na 2018 ya nuna a kan rikicin Filato, inda aka yaɗa hotunan wasu wurare a Facebook da sunan na jihar ne. Mai turawa yana kwance a ɗakinsa a Kano ko Kaduna. Mai biyan bashin shi ne mai yankan farce a Oyigbo, garin da ya ɗanɗana dokar hana fita a Oktoban 2020. A irin wannan dare, wanda zai buɗe maka ƙofa shi ne maƙwabcin da ya san fuskarka.

Don haka muke kira ga sarakunan Hausawa da limaman Fatakwal, Anacha da Inugu su bi jama'arsu inda ta koma. Kowace unguwa ta samu zauren WhatsApp da dattawa ke riƙe da shi, a sa lambar DPO da ta shugabannin 'yan ƙasa a ciki, a goge duk bidiyon da ba a san ranarsa da wurinsa ba. A kuma dawo da al'adar gabatar da sabon zuwa a gaban Sarki, a rubuta sunansa da garinsu. Su kuwa 'yan'uwa na gida, duk wanda aka turo wa bidiyon "ana kashe mu a Kudu", ya fara kiran wani da ke zaune a garin ya tambaye shi abin da ya gani da idonsa.