Zauren Littattafai: Shirun Jodi

Littafin The Silent Wife na A.S.A. Harrison, 'yar Kanada, ya fito a 2013, wata biyu bayan rasuwarta. Jodi da Todd sun shekara 20 tare a Shikago ba ɗaurin aure. Yana neman mata, tana kau da kai. Da ya yi wa 'yar abokinsa ciki, ya nemi fitar da Jodi daga gida, sai ta shirya a kashe shi.

Masu karatu sun rabu biyu. Wasu sun ce tura ce ta kai bango, wasu kuwa sun ce shirunta ne ya ɗaure masa gindi. A ganinmu, haƙurin da ba a furta damuwa a cikinsa, gaba yake tarawa. Ku fa? Ku rubuto mana.