Tarar gudun wuce kima a Yamai: a ba direba rasit, a buɗe masa ƙofar kotu

Titunan Yamai sun sauya fuska a cikin shekarun nan. An buɗe gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani a 2018, sannan aka shimfiɗa babban titin da ya taso daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019. A 2021 gada ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta zo ta rage wa gadar Kennedy nauyi. Kwalta ta yi kyau, hanya ta yi faɗi, ƙafar direba kuma ta ƙara nauyi a kan totur. Abin da bai sauya ba shi ne yadda ake ƙarewa idan ɗan sanda ya busa usur ya ce an yi gudun wuce kima.

Duk mai tuƙi a birnin ya san yadda lamarin yake tafiya. Jami'i ya karɓi lasisin tuƙi da takardun mota, direba ya fito ya hau ban haƙuri, a koma gefen titi a yi ƙus-ƙus. Sau da yawa maganar takan mutu a nan da 'yan kuɗin da ba su da rasit, kowa ya kama gabansa. Ba kowane jami'i ne ke karɓa ba, akwai masu tsayawa kan aikinsu cikin rana da ƙura. Amma al'adar ta yi jijiya har matashin da ya karɓi lasisi jiya ya ɗauka haka dokar take. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin galibi direban ne ke fara miƙa hannu don kada ya makara.

Doka kuwa ta shimfiɗa wata hanya dabam. Nijar tana da dokar hanya da aka sa wa hannu a watan Nuwamban 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER. A tsarin shari'ar da ƙasar ta gada daga Faransa, laifuka hawa uku ne: ƙanana, matsakaita da manya. Gudun wuce kima da bai jawo haɗari ba yana cikin ƙananan. Jami'in da ya kama direba, ɗan sanda a cikin gari ko jandarma a kan hanyoyin bayan gari, yana rubuta takardar laifi mai ɗauke da wuri da lokaci da lambar mota da abin da aka saɓa. Daga nan zaɓi biyu ke gaban direba. Ko ya biya tarar da aka ƙayyade ya karɓi rasit, kuɗin su shiga baitulmali, magana ta ƙare. Ko ya ce bai yarda ba, takardar ta wuce zuwa ga mai gabatar da ƙara, alƙali ya saurari ɓangarorin biyu.

Zaɓi na biyun ne kusan ba a jin labarinsa, kuma a nan gizo ke saƙa. Mutumin da ya yi imani an zalunce shi yana da abin yi tun a bakin titi. Ya nemi a rubuta masa takardar laifi, ya karanta kafin ya sa hannu, ya nemi a rubuta cewa yana musun tuhumar. Ya tambayi gudun da aka ce ya yi da kuma abin da aka auna shi da shi. Ya riƙe lokaci da wuri, ya ɗauki hoton allon da ke nuna iyakar gudu a wannan titi, ko hoton wurin idan babu allon, ya karɓi lambar wayar wanda ya ga abin da ya faru. Wannan tanadi yana da muhimmanci domin a irin wannan tsari kotu tana ɗaukar takardar jami'i a matsayin gaskiya har sai an kawo hujjar da ta karya ta, a rubuce ko ta bakin shaidu. Rantsuwa da ɗaga murya ba sa cikin hujja. Sannan wanda ya riga ya biya tara ya rufe wa kansa ƙofar musu, tunda biyan tamkar amsa laifi ne.

To amma me ya sa mutane ba sa bin wannan hanya? Lissafi ne kawai. Ɗan kabu-kabu ko direban tasi ko na faba-faba yana cin abincin yau da aikin yau. Idan takardunsa suka kwana a ofishin 'yan sanda, ko aka kai abin hawansa ma'ajiyar motocin da aka kama, ya yi asarar yini, ga balas ɗin mai mota yana jiransa da yamma. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata tun daga 2024, kwana uku na zirga-zirga tsakanin ofis da kotu sun fi tarar kanta tsada. Muddin bin doka ya fi kauce mata wahala, wa'azi ba zai hana na goro ba.

Gyaran yana hannun hukuma, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Na farko, a bayyana farashi. Kowane laifi da tararsa a liƙa su a ofisoshin 'yan sanda da tashoshin mota da makarantun koyon tuƙi, a karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Babu dalilin da zai sa direba ya ci gaba da sa hannu a kan takardar da ba ya iya karantawa. Wanda bai san farashi ba shi ake yi wa ciniki.

Sai kuma a raba hannun jami'i da kuɗi. Birnin da mutane ke aika kuɗi ta Nita da Amana da wayar salula dare da rana ba zai gagara karɓar tara ta wannan hanya ba, rasit ya faɗo a waya nan take. Abijan ta fara kama masu laifin hanya da kyamara tun 2021, saƙo ya iske mai mota a wayarsa. 'Yan Nijar mazauna Faransa sun san yadda takardar tara ke iske mutum a gida da ranar da wurin da gudun da na'ura ta auna, da wa'adin kwana 45 na biya ko ƙalubalanta. Ba sai an kwafo komai ba, domin adireshin gida da rajistar motoci a Yamai ba su kai nan ba tukuna, motoci da babura da yawa ma suna yawo da sunan mai su na farko. Amma wa'adi bayyananne da hujjar da ake iya dubawa ba su fi ƙarfin kowa ba. Tuhumar gudu ba tare da na'urar aunawa ba kuwa, ido ne da ido, kuma a nan ne zalunci da ciniki suke samun wurin zama.

Kotun ita ma sai ta matso kusa. Yamai tana da gundumomi biyar. Ware rana guda a mako a kowace gunduma domin ƙananan laifukan hanya, inda za a saurari mutum a sallame shi kafin azahar, zai sa zuwa gaban alƙali ya zama abin da talaka zai iya. A Najeriya hukumar FRSC ta daɗe tana aiki da kotunan tafi-da-gidanka a bakin hanya; tsarin yana da nasa ƙorafe-ƙorafen, amma ya nuna cewa shari'ar tara ba sai ta ci wata guda ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka direba ne kullum abin tausayi. Mota mai gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A kilomita 80 tana cin mita 22, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ƙaruwa ninki huɗu da rabi tsakanin kilomita 50 da 65. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin mota ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne ɗaliban da ke tsallaka titi da safe, da 'yan talla a bakin danja, da matasan da ke tseren babura ranar ɗaurin aure. Da zarar an ji wa wani rauni ko an rasa rai, magana ta tashi daga tara ta koma tuhumar da ke iya kai mutum gidan kaso.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Kuɗin da aka karɓa a gefen titi ba sa barin suna a ko'ina, don haka wanda aka tsayar sau goma a shekara yana nan fes kamar wanda bai taɓa laifi ba, babu rajistar da za ta sa a janye masa lasisi kafin ya kashe wani. Hukuma ita ma ba za ta san titin da aka fi gudu a kansa ba, balle ta san inda ya kamata ta kafa allo ko ta yi tudun rage gudu.

Duk wannan zai tsaya ne idan usur ɗin ya shafi kowa. Matasa suna ganin manyan motoci masu baƙin gilashi suna wucewa a guje ba a tsayar da su, suna ganin wanda aka tsayar ya kira waya an mayar masa da takardunsa da ban haƙuri. Ma'aikatar sufuri da rundunar 'yan sanda za su iya farawa da wallafa adadin takardun laifin da aka rubuta a Yamai kowane wata, da kuɗin da suka shiga baitulmali, da yawan waɗanda suka kai ƙara da yadda aka yanke musu.